Baƙaƙen Maɓallan Zirkanda

Ƙasar Zirkanda ba ta cikin taswirar kowa sai ta Auta, ita ma ɗin a bayan takardar yankan riga aka zana ta da allin tela, an lilliƙe gefenta da salatif. Duk Asabar da la'asar, in ta rufe shagon ɗinkinta, sai ta kwashe yadudduka daga teburin yanka, ta shimfiɗa ƙasar, ta danne kusurwoyinta da dutsen guga da almakashi da kofunan shayi. Mutum huɗu ke zama su yi mulki a wurin: ita, da yayanta, da matarsa wadda take kira Anti, da maƙwabcinta Mai Agogo, mutumin da ya tsufa yana gyara wa jama'a lokaci amma shi bai iya jiran minti ɗaya ba.

Yaya ne ya kawo wasan. Malamin tuƙi ne, wani ɗalibinsa ya kwatanta masa yadda ake yi, shi kuwa duk abin da ya shiga kunnensa sai ya fita ta bakinsa ya ninku. Kowa zai riƙe muƙami, ya yi magana da bakin mai muƙamin, a haɗu a gina ƙasa. Babu sarki a Zirkanda. Babban birninta a kan jiragen ruwa yake, yana yawo da kogi, don kada wani lardi ya yi ƙorafin an yi nesa da shi. Anti ce Ministar Rumbuna, Mai Agogo na Gadoji, Auta ta Iyakoki. Yaya ya naɗa kansa Kakakin Majalisa, babu wanda ya ja da shi, don ko an ja ma shi zai yi ta maganar.

In minista ya so yin wani babban abu, sai ya rufe ido ya sa hannu cikin gwangwanin maɓallan Auta. Ya zaro fari, abu ya yiwu. Ya zaro baƙi, abu ya lalace, sauran ukun su zauna su tsara yadda ya lalace, kuma ba sa tausayi. Shekara da shekaru Yaya yana neman a kafa dokar da za ta tilasta wa kowane kwalekwale ya ba da hannu kafin ya yi kwana. Duk sanda ya kawo ta, baƙi yake zarowa. An taɓa cewa masunta sun yi yajin aiki, an taɓa cewa akuya ta cinye takardar dokar a ƙofar majalisa. Shi ke fara dariyar, har ya riƙe ciki.

Amma doka ta farko da aka kafa a ƙasar, saboda Auta aka yi ta. Tun tana ƙarama take da i'ina. A zamansu na farko ta buɗe baki za ta faɗi sunan lardinta, kalmar ta maƙale, Mai Agogo ya yi caraf ya ƙarasa mata, kuma ba abin da take nufi ya faɗa ba. Ta yi shiru kamar yadda ta saba yi tun a makaranta. Yaya ya miƙe, ya ɗauko tef ɗin awo ya rataya mata a wuya.

"Daga yau," in ji shi, "wanda tef ke wuyansa shi ke da magana. Ko zai kwana yana neman kalma, a jira shi. Duk wanda ya ƙarasa masa, an kore shi zuwa Tsibirin Gishiri."

Tsibirin Gishiri wani ɗan benci ne a bakin ƙofa, kusa da kwandon ƙyallaye. Mai Agogo ya sha zama a kansa har ya ce ya kamata a ba shi fili ya yi gini. A teburin nan Auta ta fara jin daɗin muryarta, tana da shekarun da wasu ke aurar da 'ya'ya. Ba ta taɓa faɗa wa Yaya ba, amma ba ta taɓa mantawa ba.

Sai hawan jini ya kayar da Yaya wata safiya yana ɗaure takalmi. Ya tashi, alhamdulillahi, amma hannun dama ya yi nauyi, harshen ma haka. Mutumin da ake roƙo ya yi shiru ya koma sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito. Hankalinsa yana nan garau, idonsa ma yana faɗin haka. Likita ya ce a riƙa sa shi cikin mutane, a riƙa sa shi magana, don haka da ya fara takawa da sanda Anti ta kawo shi shago.

Kafin su iso, Auta ta juye gwangwanin a kan tebur. Ta tsince baƙaƙen maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ta zuba su a aljihun kekenta na ɗinki. Mai Agogo yana kallo, ya gyaɗa kai. A ganinsu wanda duniya ta riga ta miƙa wa baƙi bai kamata ya zo nan ma ya sake zarowa ba.

A ranar, Yaya ya kawo dokarsa ta kwalekwale. Ya sa hannun hagu, ya zaro fari. Suka yi ta tafi, Anti har da hawaye. Shi ya daɗe yana juya maɓallin a tafinsa, bai yi dariya ba. Makon da ya biyo kowa ya zaro fari. Gadar Mai Agogo ta tsaya, rumbunan Anti suka cika, maƙwabtan da Auta ke faɗa da su a kan iyaka suka aiko da gaisuwa. Ƙasar ta zauna lafiya har ta fara ba da barci.

Tef kuwa yana wuyan Yaya, amma dokar tef ɗin ta mutu ba a yi mata jana'iza ba. Ba mugunta ba ce. Kallon yayanka yana kokawa da kalma, jijiyar wuyansa a miƙe, abu ne mai ciwo, sai ka ji bakinka ya riga ka kai masa ɗauki. A zama na gaba ya ɗaga hannu.

"Ina... so... a..."

"A kawo maka ruwa?" in ji Anti, ta riga ta miƙe.

Ya girgiza kai. "A... a..."

"A ɗage zama," in ji Mai Agogo. "Ya gaji, ku dube shi."

"Ko a kai ka gida, Yaya?" Auta ta ce, a hankali, cikin tausayi.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ita ya fi daɗewa a kanta. Ya cire tef ɗin da hannun hagu, ya naɗe shi da ƙyar, ya ajiye a tsakiyar kogin Zirkanda. Ya ɗauki sandarsa. Asabar ta gaba bai zo ba, ta bayanta ma haka. Anti ta ce a gida ma ya daina gwadawa, nuni kawai yake yi da yatsa, in ba a gane ba ya juya wa mutum ƙeya. Mai koya masa magana a asibiti ta ce in ya bari harshen ya kwanta a yanzu, tashinsa zai yi wuya.

Auta ta shiga damuwa, ta rasa inda suka yi kuskure, ita da take ganin babu gatan da ba su yi masa ba. Wata mai kawo ɗinki ce ta warware mata, ba da saninta ba. Matar ta zo karɓar riga, Auta tana ƙoƙarin yi mata bayanin wuyan, kalma ta maƙale, matar ta ƙarasa mata da wani abu daban tana duba wayarta. Tsohon zafin nan ya taso wa Auta a ƙirji, wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta sa hannu a wuya, ta ji tef ɗin awo. Matar ta tafi, ita kuwa ta zauna a kan Tsibirin Gishiri, kunya ta rufe ta.

Da yamma ta je gidan. Yaya yana falo, talabijin na yi ba sauti, yana matsa 'yar ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti. Ba ta tambaye shi jiki ba, an tambaye shi har ya ƙoshi. Ta tsaya a gabansa ta gyara murya.

"Ranka ya daɗe Kakakin Majalisa, Ministar Iyakoki ce. An ka-karya doka a zauren majalisa. Masu laifi uku ne, har da ni. Babu mai ikon yanke hukunci sai kai."

Ya daina matsa ƙwallon. Ta ajiye tef ɗin a hannun kujerarsa ta fita.

Ran Asabar ta shimfiɗa taswira, ta dafa shayi, tana leƙen titi tana yi kamar ba leƙe take ba. Sai ga ƙarar sanda a kan dakalin shago. Ya shigo da tef a wuya, Anti na biye. Ya zauna a mazauninsa, ya nuna Anti da yatsa, ya nuna benci. Ya nuna Mai Agogo, ya nuna benci. Ya nuna Auta.

"Duk mu ukun?" in ji Mai Agogo. "Malam, tsibirin nan mutum ɗaya yake ɗauka."

Haka suka matsu a kai, gwiwa na gugar gwiwa, Anti ta kusa faɗawa kwandon ƙyallaye. Gwamnatin Zirkanda gaba ɗaya tana gudun hijira, saura mutum ɗaya a teburin.

"Ina... so... a..."

Kalmar ta tsaya. Fanka na juyawa a sama, wani mai babur ya wuce a titi. Auta ta ji bakin Anti yana motsi, ta damƙe hannunta. Mai Agogo ya cusa gefen hularsa a baki ya cije. Gumi ya tsattsafo a goshin Yaya. Auta ta san wurin nan da yake tsaye, ta san yadda kalma ke zama a bayan haƙora tana ƙin fita, ta kuma san babu abin da ke fito da ita sai a bar mutum da ita. Ta sa ido a kan taswira ta jira.

"A... mayar... da... ba-baƙaƙen... maɓallai."

Ashe abin da yake son faɗa ke nan tun ranar, su suna miƙa masa ruwa. Ashe tun zarowar farko ya gane, mutumin da ya yi shekaru yana zaman gefen direba yana lura da abin da ɗalibi ke ɓoyewa.

"Ni... ba... yaro... ba ne," ya ƙara, wannan karon da ɗan sauri.

Auta ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ya ba ta izini da kai. Ta je ta jawo aljihun keke, ta kwaso su, ta zuba a gwangwani ta girgiza sosai yadda zai ji ƙararsu. Abin da ke ranta godiya ce. Da yana iya yin shiru ya bar su da tausayinsu har abada, sai ya zaɓi ya dawo ya yi musu faɗa.

Ya yi musu afuwa, suka koma kujerunsu. Sannan ya gabatar da sabon ƙudiri, ya ɗauki lokacinsa, shayi ya huce a kofuna babu wanda ya taɓa. Yana so a kafa danja a tsakiyar kogi, ja da kore, saboda kwalekwalen Zirkanda sun fiye ganganci. Ya rufe ido, ya sa hannun hagu a gwangwani, ya daɗe yana lalube. Ya buɗe tafinsa. Baƙi ne, ƙaton maɓallin wata tsohuwar kwat.

Anti ta dubi Auta, Auta ta dubi Mai Agogo. Mai Agogo ya ciro hula daga baki, ya gyara zama.

"To, Malam, an kafa danjarka," in ji shi. "Ran farko wani ƙaton kada ya fito daga ruwa ya kwanta a gindinta yana jiran ja ta kama. Duk kwalekwalen da ya bi doka ya tsaya, shi aka fara ci."

"Masu ganganci kaɗai suka tsira," in ji Anti. "Yanzu su ne ke koyar da tuƙi."

Dariyar ta fito ta gefe ɗaya na bakin Yaya, a karkace, da ƙara, har sandarsa ta zame ta faɗi. Ya riƙe ciki da hannun da ke aiki. Da ya samu numfashi ya share ido, ya dubi ƙanwarsa, ya fara neman wata kalma. Ta ga siffarta a leɓensa, ta san ko wace ce, tun tana goye yake kiranta da ita. Ta haɗe hannuwanta a kan tebur ta rufe bakinta.

"Auta," ya ce, da kansa. "Zuba... shayi. Mako... mai zuwa... zan sake... kawo dokar."