Harsashin Gada

Mazaɓar kashi biyu ce. Gabas sababbin unguwanni ne na bakin birni, masu kwalta da famfo da fitilun titi. Yamma ƙauyuka ne da gonaki, kuma rafi ne ya raba su. Ɗan majalisar tarayyar da ke wakiltar duka biyun ya shekara takwas a kujera. Sau biyu yana aza harsashin gada a bakin rafin nan, kowane karo ana saura wata guda zaɓe. Abin da ya tsaya a wurin dunƙulen siminti ne ɗaya da allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa. Awaki ne ke shan hantsi a kai.

Wani mai tarakta a ƙauyen da ke bakin rafin ya fi kowa sanin dunƙulen nan. A gefensa yayansa ya cika, damina biyu da suka wuce, yana kwance a tirelar taraktar dafe da ƙirji, ana hango rufin asibiti a ƙetare. Awa uku suka yi suna jiran ruwa ya janye. Bai yi kuka ba ranar, bai yi ba daga baya. Ya dai ajiye abin a ciki, ya ci gaba da noma gonarsa da ta marayun da aka bar masa.

Doka ta ce duk mai neman takara sai ya tara sa hannun masu zaɓe daga kowace gunduma, ya kai takardun ofishin zaɓe da ke birni da kansa kafin ƙarfe huɗu na ranar ƙarshe. Na unguwanni an gama tun makonni uku. Na ƙauye aka bari sai ranar ƙarshe, kamar yadda aka saba barin komai na ƙauye. Da safe ɗan majalisa ya ƙetare rafi a baƙar jif ɗinsa, ruwa iya idon sawu. Da shi da direbansa babu wanda ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ya haɗu a kan duwatsun arewa. A ƙauye ko makaho ya san cewa idan aka yi ruwa a can, bayan awa huɗu rafi zai kawo.

Wajen ƙarfe biyu mai tarakta yana ƙarƙashin injinsa yana ɗaure noti, sai ga direban a guje, wando jiƙe har cinya.

"Malam, don Allah taimaka! Motar Ranka-ya-daɗe ta kafe a tsakiyar rafi, ruwa yana ƙaruwa!"

Mai tarakta ya fito a hankali, ya goge hannu da tsumma. Matar yayansa tana bakin ƙofa tana shanya, ta ji komai. Ta dube shi, ta ga abin da ke fuskarsa.

"Kai, ƙanin miji," ta ce, "na san idon nan naka. Kada ka bari a rasa rai."

"Haba Yaya, ni da nake da sarƙa? Rai zan fitar lafiya lau. Kujera ce ban yi wa kowa alkawari ba."

Ta sauke zanen da ke hannunta, ta biyo bayansu.

Da suka isa, ruwa ya rufe tayoyin jif. Ɗan majalisa ya hau saman mota ya zauna, rungume da jakar takardu kamar jariri. Mai tarakta ya dubi tsohon kututturen da suke auna ruwa da shi. Ya san taraktarsa za ta iya ƙetarewa yanzu, ya kuma san nan da rabin awa ba za ta iya ba.

"Ɗan'uwana!" ɗan majalisa ya ƙwala kira. "Ja mu zuwa can ƙetare!"

"Yau na zama ɗan'uwa," in ji mai tarakta, bai ɗaga murya ba.

Ya shiga ruwa da sarƙa a kafaɗa. Ƙugiya biyu ce a jikin jif, ɗaya gaba ɗaya baya. Ya wuce ta gaba ya ɗaura a ta baya. Ya duba ɗaurin sau biyu, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Bai taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Ya ja motar a giya ta ɗaya, taku bayan taku, har ta fito tana zubar da ruwa a gefen ƙauye, daidai dunƙulen siminti.

Ɗan majalisa ya diro yana haki. "Wace irin wauta ce wannan? Can na ce maka! To ɗauke ni a taraktar, yanzu-yanzu!"

Mai tarakta ya kashe inji, ya zare makulli ya sa a aljihu.

"Ka san ko ni waye?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ga sunanka nan a rubuce. Awa uku na taɓa yi ina karanta shi."

Ɗan majalisa ya dubi allon, ya dubi agogo. Uku saura kwata. Ya sauya murya, ya ce gada ce dai ko? A bana za a fara, ya rantse. Ya ce zai sa hannu a rubuce. Ya kira waya, aka ce masa babu motar da za ta shiga ruwan nan, kuma doka ta ce sai ya kai takardun da kansa. Ya tattare wando ya taka rafin, ruwa ya daki gwiwarsa ya kusa kayar da shi, direba ya fizgo shi baya. Kututturen ya riga ya nutse.

Matar yayan ta matso ta nuna ƙasa da yatsa.

"Nan tirelar ta tsaya," ta ce. "Kansa yana kan cinyata. Yana ta tambayata ko ruwan ya ragu, ina ce masa e."

Mutanen ƙauye sun taru a bakin gaɓa, waɗanda suka sa wa ɗan majalisa hannu da safe, suna tsaye suna kallo. Babu wanda ya zage shi, babu kuma wanda ya roƙar masa.

Ƙafafunsa suka gaji, babu wurin zama sai dunƙulen. Ya kori akuya ya zauna. A kai ƙarfe huɗu ta same shi, jaka a cinya, rufin ofishin zaɓe yana ƙyalli a ƙetare kusa da na asibiti.

"Shi ke nan, ka ji daɗi," ya ce da dasasshiyar murya. "Sai ka kai ni wani wuri in bushe."

Mai tarakta ya dubi nasa agogon.

"Awa biyu ka yi, ranka ya daɗe. Saura ɗaya."

Ya koma kan taraktarsa ya zauna. Ya san wannan ba zai gina gada ba, ya san damina mai zuwa wani zai sake jira a nan. Duk da haka bai taɓa makullin ba sai da biyar ta cika.