Ba Komai

Ranar da mai awon fili ya zo da igiyarsa da turakunsa, mijin Gwaggo ya tarar a bakin rijiya. Ya ce, "Baba, akwai wani abu a filin nan? Za mu auna."

Tsohon nan kuwa ko kunama ta harbe shi sai ya yi mata sannu. Ya ce, "Ba komai, ɗana, ba komai."

Mai awo ya rubuta. Bayan wata uku takarda ta iso: kamfani zai shimfiɗa farantan hasken rana tun daga bakin titi har tsauni, tunda dattijon gari ya tabbatar ba komai a wurin.

Ran Gwaggo ya ɓaci matuƙa. A cikin wannan ba komai ɗin akwai rijiyar da take shayar da tumakinta talatin, kuma babu wata kusa. In wayar shingen kamfani ta zagaye ta, sai dai ta kai su kasuwa.

"Malam, bakinka ya sayar da mu," ta ce.

"Ladabi na yi wa baƙo."

"To ladabin zai ba tumaki ruwa?"

Aka kira taro a ajin makaranta. Manya suka matsu a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Injiniyan kamfani, wani saurayi mai fara'a, ya baje taswirarsa da takardar a kan teburin malami. Mutane suka yi ta hayaniya, shi kuma amsarsa ɗaya ce: abin da aka rubuta aka rubuta.

Gwaggo ta miƙe daga benci. Ta leƙa ƙofa ta yi irin kiran da take yi da yamma. Sai ga tumaki sun cika aji, suna kutsawa tsakanin ƙafafu. Babban ragonta, wanda ba ya jin kunyar kowa, ya ɗora ƙafa a teburi ya kama takardar nan da ci.

"Wayyo, ɗana, ka yi haƙuri," in ji Gwaggo, ko gezau ba ta yi don ta hana shi ba.

Injiniya ɗan gidan mutunci ne. Yana jan guntun takarda daga bakin rago ya ce, "Ba komai, Gwaggo."

Ta juya wajen magatakarda mai rubuta bayanan taro. "Rubuta. Injiniya ya tabbatar ba komai a takardarsa."

Aji ya kece da dariya. Injiniya ya yi tsaye, sannan abin ya faɗo masa, ya yi dariya har ya zauna. Da ƙafarsa ya bi su bakin rijiya, ya leƙa, ya ga ruwa. Nan take ya sa aka tumɓuke turakun aka matsar da su can baya, rijiya da hanyarta suka fita daga waya.

Yana kakkaɓe hannu ya dubi tsohon. "Baba, akwai sauran wani abu?"

Malam ya buɗe baki. Gwaggo ta take masa ƙafa.

"Akwai," ta ce. "Ɗauko bironka."