Yashin Ƙarƙashin Taga

Karo na uku ke nan da dokin ya durƙusa zai kwanta. Malama ta fizgi ragamar da duk ɗan ƙarfin da shekara sittin da takwas suka bar mata.

"Tashi, Yaya. Ba a nan ba."

'Ya'yanta ne suka laƙaba masa Yaya tun suna gida, wai don ubansu ya fi jin maganarsa a kan tasu. Yanzu aiki da aure sun watsa su, an bar gidan da mutum biyu da rabi, in ji ita: ita, da maigidanta wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye shekara biyu da suka wuce, da wannan tsohon doki. Ba ta taɓa faɗin wane ne rabin ba.

Tun da gari ya waye Yaya yake tona ƙasa da kofato, yana waiwayar cikinsa kamar ana kiransa daga can. Gumi ya jiƙe masa wuya. Ta ja shi bayan barga, inda ba a hangowa daga tagar maigidan, tana zagayawa da shi har motar likitar dabbobi ta tsaya a ƙofar gida. 'Yar ƙaninta ce, Malama ce ta yi mata wankan jarirai, amma tun da ta gama karatu Malama ba ta kiranta da komai sai Likita.

"Gwaggo, wa ya ce ki riƙa jansa ke kaɗai? In ya faɗo miki, da wa zan fara?"

"Fara da shi. Ya fi ni daraja a gidan nan."

Likita ta yi masa allura, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, sannan ta durƙusa ta manna abin sauraro a ƙasan cikinsa. Ta daɗe a haka. Da ta miƙe sai ta saka wa Malama a kunne. Wani ƙara ne a hankali, mai zuwa yana komawa, kamar ana tankaɗe a ɗaki na nesa.

"Yashi ne, Gwaggo. Bari in nuna miki."

Ta sa doguwar safar hannu ta roba, ta ɗebi kashin dokin, ta juye safar ya koma ciki, ta cika ta da ruwa, ta girgiza, ta rataye a ƙusa. Suka tsaya suna kallo. Kafin a jima yatsun safar guda biyar suka fara nauyi daga ƙasa, kowanne da yashinsa, fari tas kamar an wanke.

"Wannan abin da ya samu fita ne," in ji Likita. "Sauran yana kwance a hanji, ya tare hanya. Garin nan da na kawo, ana ba shi? Kwana bakwai a kowane wata?"

"Ga bokitin can. Ya wuce rabi."

Shekara talatin da biyar Malama ta yi tana koyarwa, ta san irin wannan amsar. Ita ce amsar ɗalibar da aka tambaya ko ta yi aikin gida, ta ce ga littafin nan a jaka.

Likita ta buɗe bokitin ta leƙa. "To, ni ce na yi sake ke nan. Da na ƙara masa yawa."

Gaskiyar kuwa, wata biyar rabon Yaya da garin nan. Ɓawon wani iri ne da aka niƙa, in ya sha ruwa sai ya yi yauƙi, wai ya kwaso yashi ya fita da shi. Yaya bai taɓa son sa ba, sai ya hura hanci ya juya baya. Sai ranar da maigidan ya kwana biyar bai yi bayan gida ba, nasa garin na kantin magani ya ƙare, yana ta nishi. Malama ta sa tabarau ta karanta jikin bokitin, ta karanta jikin gwangwanin maigidan. Suna ɗaya. Ta dama masa cokali guda, washegari aka samu sauƙi. Daga nan bokiti ya koma nasa. Ta gaya wa kanta cewa kakannin Yaya sun rayu sun mutu ba su san wani gari ba, kuma duk abin da aka buga wa hoton doki mai sheƙi a jiki, an yi shi ne don idon mai doki.

Ta riƙe kan Yaya, Likita ta zura masa tiyo ta hanci har ciki, ta ɗura ruwa da garin da gishirin wanke ciki. Idon dokin yana kan Malama, babu zargi a cikinsa ko kaɗan, abin da ya fi damunta ke nan.

"In zuwa la'asar bai motsa ba, sai asibiti, a yanka," in ji Likita. "A shekarunsa kuma, Gwaggo, ba na so mu kai can."

Ƙararrawar maigidan ta kaɗa daga ɗaki. Malama ta wanke hannu ta shiga. Yana kan keken guragu a bakin taga inda ta ajiye shi tun safe, yana kallon filin da babu kowa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana koya wa mutane hawan doki, yanzu sai ya yi kokawa da harshe kafin kalma ɗaya ta fito.

"Ina... shi?"

"Likita tana duba masa haƙori."

Ya dube ta da idon da bai shanye ba. Ta gyara masa matashin da ba ya bukatar gyara, ta fita.

A bayan barga ta iske Likita tana zagayawa da dokin, tana lissafa wa kanta inda ta yi kuskure. Malama ta ga ba za ta iya ba.

"'Yar nan, tsaya. Garin nan ba Yaya ne ya sha ba. Babanki ne, maigidan nan."

Likita ta tsaya. Ta dubi gwaggonta, ta dubi tagar, sai dariya ta ƙwace mata har ta jingina da kafaɗar dokin.

"Shi ya sa na ga gashin Baba yana ta sheƙi."

"Ba abin dariya ba ne. Ni na kashe dokin nan."

"Bai mutu ba tukuna. Kuma in gaya miki gaskiya, Gwaggo, garin nan ko mu ba mu gama yarda da shi ba. Wasu sun gwada sun ce yana taimakawa, wasu sun ce da shi da babu duk ɗaya. Muna bayarwa ne don ba ya cutarwa. Yashin da na ji a cikin nan, bokiti goma ba zai share shi ba. Dokin da yake ci a komi ba ya tara wannan. A ina yake cin abinci?"

Malama ta juya. Ta wuce gaba, Likita ta biyo ta da dokin, suka zagayo gefen gida. A ƙarƙashin tagar maigidan akwai wani wuri da yashi ya lotsa ya yi kwari, ya yi sumul kamar cikin kwano. Harshen Yaya ne ya yi wannan aikin. Tun ranar da aka dawo da maigidan daga asibiti ya juya fuska ga bango ya ƙi ci, Malama ta ɗebo ciyawa da dusa ta zuba a nan, ta jawo dokin. Da maigidan ya ji ƙarar tauna sai ya juyo. A ranar ya karɓi cokali uku. Tun daga nan, safe da yamma, a nan suke ci tare, Yaya yana bin kowace ƙwaya yana lashewa har da abin da ke ƙarƙashinta. Komin katakon yana can cikin barga, ya fi ƙarfin ɗaukarta, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

A duk abin da ta yi cikin shekara biyun nan, wannan kaɗai take alfahari da shi.

Likita ta tsura wa kwarin ido. Ba ta yi dariya ba kuma.

Yaya ya ɗaga kai ya sa hanci a tagar kamar yadda ya saba. Hannun hagun maigidan ya fito, ya sauka a goshinsa. Idonsa ya bi gumin wuyan, ya bi cikin da ya kumbura, ya sauka a kan kwarin yashin.

"Yashi," ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Laifina ne, Malam. Ni na riƙa zuba masa a ƙasa. Ban sani ba."

Ya girgiza kai. Ya yi ta fama da bakinsa, miyau ya gangaro, ba ta goge masa ba don kada ta katse shi.

"Ni... na sani," ya ce. "Kullum... ina gani." Ya huta. "Na yi... shiru."

Malama ta tuna yadda yake korar ɗalibi daga barga in ya ga ƙwayar hatsi ɗaya a ƙasa. Shekara biyu yana kallo ta wannan tagar.

Cikin Yaya ya yi wani dogon kuka. Likita ta yi maza ta manna abin sauraro, ta ɗaga hannu a yi shiru.

"Ya fara motsi. Ban ce an tsira ba, amma ya fara. A ci gaba da zagayawa da shi."

"Ki zagaya ta nan gaba, inda zai riƙa ganinsa," in ji Malama.

Ita kuwa ta shiga barga, ta share gizo-gizon da gefen zaninta, ta ɗaura igiya a ƙafar komin. Ta ja, bai motsa ba. Ta naɗe igiyar a hannu, ta juya baya, ta sake ja. Ya matsa kamar taki ɗaya, ya bar layi a cikin yashi. Daga nan zuwa tagar, ta ƙiyasta, taki talatin ne.