Hancin Dogo

Dogo ya cusa hanci tsakanin katifun da ke bayan babbar motar, ya ja numfashi, sai ya hau dariya shi kaɗai.

Yau kwanansa arba'in da ɗaya rabonsa da sigari. Matarsa ta rantse duk ranar da ta sake jin warin taba a jikinsa, a falo zai koma kwana. Tun da ya daina hancinsa ya buɗe, har abokan aikinsa a shingen kwastan suka haƙura da ɓoye masa abinci a aljihun tebur.

"Oga, katifun nan fa mashaya ne," Dogo ya ce wa shugabansu.

"Takarda ta ce katifa," in ji Oga. "Kai dai kwaɗayinka ne ya motsa."

Dogo ya farke ɗinkin ta uku. Kwalayen sigari suka zubo har kan takalmin direba.

Direba ya share gumi. "Yallaɓai, halastacciya ce. Ruwan sama muka ɓoye wa."

Oga ya miƙa wa Dogo kwali da ashana, yana ƙunshe dariya. "Gwani, kunna ɗaya ka faɗa mana gaskiyarta."

Ma'aikata suka kewaye shi. Yawu ya cika masa baki. Ya karɓi kwalin, babban yatsansa ya zarce gefen da ya saba dannewa, sai ya tsaya cak.

"Oga, shekara da shekaru ina rufe hoton ruɓaɓɓen huhun da ke jikin kwali da yatsan nan don kada in gani. Wannan ba ta da hoto, ba gargaɗi." Ya juya kwalin. "Ga bakinta ba tambarin haraji. Ta bayan gida ta shigo."

Ya mayar wa Oga ashanarsa, ko tsinke bai zara ba.

Har la'asar yana jidar kwalaye zuwa sito, yana rausaya, abokai suna kiransa Sarkin Hanci. Sai da ya iso ƙofar gida ya sunsuna rigarsa, murna ta koma ciki.

Matarsa na buɗewa ya miƙa mata takardar shaidar kama sigarin tun kafin sallama. Ta karanta, ta yamutsa hanci.

"Buɗe baki, Baban yara. Huro."

Ya huro. Ta ce ya sake. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kauce daga hanya.

"Shigo. Rigar ce za ta kwana a falo."