Motar da Ruwa Ya Ci

A tsakiyar babban titi motar ta mutu, rana tana tsaka. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargaɗi ba. Fitilun gaban sitiyari suka kama gaba ɗaya, suka ɗauke gaba ɗaya, sitiyarin ya ƙage. Mai Guga ya taka birki, birkin ya nutse rabi ya cije. Wata tirela ta gifta ta gefensa da dogon hon, iskarta ta girgiza motar. Da ƙyar ya lallaɓa ta, ta gangara bakin hanya.

Gilashi ya ƙi sauka, ƙofa ta ƙi buɗewa. Nan da nan cikin motar ya zama tanda. Sai da ya tsallaka kujerar baya ya samu ƙofa guda da ta yarda. Ya fito ya tsaya a kan kwalta, zafinta yana ratsa takalminsa. Motoci suna ta wucewa, gilasai a rufe, babu wanda ya rage gudu. Ya ciro waya ya duba sunaye tun daga sama har ƙasa, sannan ya kira mai janwe ya zo ya ja motar zuwa gareji.

Shekaru ya yi a ƙasar nan yana guga a ɗakin wankin wani otal, can ƙarƙashin ƙasa inda tururi ba ya fita. Abin da ya samu gida yake turawa. Motar nan ita ce abu na farko da ya taɓa saya wa kansa, don ya huta da tsayuwar jiran bas a rana.

Wurin Kawu ya saye ta. Kawu dattijo ne ɗan ƙasarsu, mai filin sayar da motocin hannu da ake saukewa daga jirgin ruwa. A ƙarƙashin rumfarsa 'yan gida suke taruwa ranar hutu, a sha shayi, a yi musu, a tsokani juna. Duk faɗin birnin, nan kaɗai Mai Guga yake buɗe baki ya yi magana ba tare da ya fara neman kalma ba.

"Wata tsohuwa ce ta hau ta can ƙasar sanyi," in ji Kawu ranar cinikin. "Daga gida sai kasuwa. Ni zan cuce ka, ɗan gida?"

Tela, wanda suke zama benci ɗaya, ya shafa bayan motar ya ce, "Wannan ai amarya ce. In ba ka so, bar mini."

* * *

Bakaniken ɗan wata ƙasa ne, da guntun yaren gari da nuni suke fahimtar juna. Bai taɓa injin ba. Ya durƙusa ya yaye kafet ɗin ƙarƙashin kujera. Busasshiyar laka ce kwance a wurin, ta tsattsage, wayoyin wuta sun yi kore. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga wani layi ruwan ƙasa ya ratsa shi.

"Ambaliya," ya ce, ya ɗora hannu a ƙirjinsa don ya nuna inda ruwan ya kai. "Can sun jefar da ita. Nan an wanke. Zafi yana cin waya. Yau ta mutu, gobe wuta." Ya goge hannu a wandonsa. "Wanda kake so, kada ka sa shi ciki."

Sai yanzu Mai Guga ya gane warin da ke tashi duk lokacin da motar ta wuni a rana, ya kuma gane dalilin turarukan da aka rataya mata.

* * *

Kawu ya saurare shi har ya gama, yana juya cokali a kofi. Babu alamar mamaki a fuskarsa.

"Zauna, ɗana. Ba a mayar da mota. Wucewa ake yi da ita."

"Ban gane ba, Kawu."

"Kafin kai, Tela ne ya hau ta. Kafin Tela, mai walda. Launi kawai muke canzawa. Ka taɓa jin ɗayansu ya ɗaga murya? Kowa ya ɗauki nasa zafin na ɗan lokaci, ya miƙa gaba, zumunci bai ɓaci ba."

Mai Guga ya waiwaya wajen bencin. Tela ya sunkuyar da kai yana danna waya.

"Baƙo ba ya ƙarewa," Kawu ya ci gaba a hankali, kamar mai koyar da yaro. "Ga ƙanin matarka ma ya iso, na ji yana neman motar kai saƙo. A gyara wayar ta ɗan tashi, ka ba shi. Shi ma in ya waye, ya ba wani."

* * *

Auta ake kiran ƙanin matar tasa, ko da yake ya yi gemu, ya bar mata da jariri a gida. Gonar gadonsa ya sayar ya taho. Tun da ya sauka ɗakin ya canza. A da Mai Guga yakan dawo ya ci abinci a tsaye yana kallon bango. Yanzu akwai katifa ta biyu a ƙasa, akwai mai ƙona shinkafa, akwai mai yi masa ba'a.

"Ɓarawon yayata ya dawo!" in ji Auta da ya ji motsin ƙofa. "Ina amaryar? Ko kishin kada na gan ta ne ya sa ka ɓoye?"

"Tana gareji, shalelen Inna. Sauke tukunyar nan kafin ka tashi gobara."

"Yaya, maganar gaskiya, ka sayar mini da ita. Kai daga ɗaki sai ramin guga. Ni kuwa in na samu mota, gobe zan fara aiki."

Da yamma matar Mai Guga ta kira daga gida, ita ma zancen ke nan. "Baban yara, ka taimaki Auta. Ya ce Kawu ya ce motar lafiyayya ce. Da ya faɗa hannun bare ai gara na gida."

Ya ce to, zai duba.

Kwana biyu yana juya maganar yana guga. Babu wanda zai zarge shi. Kawu zai shaida, Tela zai shaida, matarsa za ta gode. Gumin shekarunsa zai dawo hannunsa. Ya shimfiɗa farar riga, ya ɗora dutsen guga, sai ya tuna ƙofar da ta ƙi buɗewa. Ya ga Auta a kujerar, yana bugun gilashi da tafin hannu, motoci suna wucewa.

Da ya koma ɗaki ya zaunar da Auta, ya gaya masa komai tiryan-tiryan: lakar, bel ɗin, Tela, maganar Kawu.

Auta ya ce, "Allah ya saka maka, Yaya." Ya sosa gemu, sai fuskarsa ta washe.

"To ai da sauƙi! Akwai wanda muka zo jirgi ɗaya, malamin asibiti ne, shi ma mota yake nema. Ni zan kawo shi. Ya yarda da ni sosai."

"Yana da 'ya'ya?"

"Kowa yana da 'ya'ya, Yaya. Mu ma muna da su."

"Auta, motar nan kisa za ta yi."

"Wa ta kashe? Tela yana nan, mai walda yana nan, kai ma ga ka. Rai a hannun Allah yake." Ya miƙe tsaye. "Shi ya sa har yau kake cikin ɗaki ɗaya. Ni ban sayar da gonar ubana don in zo in tsufa da dutsen guga a hannu ba."

Washegari Mai Guga ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka ja motar daga garejin, yana tsaye suka fara kwance ta. Ya kuma nemi malamin asibitin, ya gaya masa duk motar da zai saya ya fara yaye kafet, ya ja bel har ƙarshe, ko da ta Kawu ce.

Magana ba ta kwana ba.

* * *

Ranar hutu Mai Guga ya yi sallama a rumfar Kawu, aka amsa ciki-ciki. Babu wanda ya matsa a benci. Butar shayi ta zagaya ta tsallake shi. Wani ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Akwai masu tona wa 'yan'uwansu asiri a ƙasar mutane." Mai Guga ya ɗan tsaya, hannu a aljihu, sannan ya ce a gaida gida, ya juya.

A satin nan Auta ya naɗe katifarsa. Kawu ya ba shi ɗaki a bayan fili, ya ba shi aiki. Kiran matar Mai Guga ya zama gajere.

"Auta ya ce ka gwammace ka ba 'yan gwangwan da ka ba shi."

"Ruwa ya ci motar, Maman yara."

"To. Inna dai ba ta ji daɗi ba. Ga yara su gaishe ka."

Mai Guga ya koma jiran bas. Wata rana da azahar, ya tashi aiki da wuri, ƙafarsa ta bi da shi ta titin filin Kawu. Ƙofar a buɗe take kaɗan. An sauke sababbin motoci, an wangale ƙofofinsu duka suna shan rana. Auta yana durƙushe cikin wata ja, ya naɗe wando, yana feshin ƙasanta da tiyo, yana rera wata waƙa. Ya ɗago suka haɗa ido. Auta ya ɗaga hannu kaɗan, irin gaisuwar da ake yi wa mai wucewa, ya mayar da kansa ciki.

Ruwan wankin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, jajir da laka, ya miƙe siriri a kan kwalta. Mai Guga ya tsaya yana kallonsa. Kafin ya kai bakin kwata, rana ta shanye shi.