Keken da Ke Tsinke Zare

Sati uku cur ba wanda ya kawo wa Baba keken ɗinki gyara. Babban ɗansa ya riga ya yanke magana: in wata mai kamawa ya ƙare a haka, a rufe shagon, tsoho ya koma gida ya huta. Hutu fa! Baba bai ƙi jinin komai ba kamar zaman falo yana ƙirga ƙudaje.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta buɗe wa shagon shafuka a intanet tun bara, amma shi ya kafe a kan taken da za a sa: "Barka da Zuwa Gidan Aminci da Nagarta." Shafuka shida, duk take ɗaya.

Ran nan ta zo ta ture gwangwanin mai, ta zauna a benci.

"Baba, fisabilillahi, wa kekensa zai tsaya ya ɗauki waya ya rubuta aminci da nagarta?"

"Masu tarbiyya."

"To ai masu tarbiyyar ba su zo ba."

Ya galla mata harara, ita ko a jikinta. Ta ce abin da mutum ya rubuta wajen bincike a intanet, shi ake nemo masa, take kuma shi ido ke fara gani. "In an shigo nan, me ake fara ce muku?"

Nan fa ta sosa masa inda ke ƙaiƙayi. Baba ya miƙe, ya riƙe ƙugu, ya sirantar da murya: "Malam, keken nan sai tsinke zare yake! Allura uku na karya yau! Tsallaken ɗinki yake, ga kayan mutane!" Shekara arba'in yana jin koke-koken nan, ya haddace su tsaf. Auta na dariya har da hawaye, tana rubutawa.

Kowane shafi ta ba shi takensa, matsalar a farko, a gajarce, don dogon take yanke masa wutsiya ake yi. Na farko: "Keken Ɗinki Yana Tsinke Zare? Gyara a Yini Ɗaya."

"Babu ko sallama?" in ji Baba.

"In sun shigo ku gaisa har ku gaji."

Kwana goma sha ɗaya shiru. Baba ya tsorata ƙwarai, har ya fara goge kayan aikinsa yana jerawa a kwali. Rana ta goma sha biyu wata tela ta sauko daga tasi rungume da kan keke, tana nuna masa waya. "Ku ne na tsinkewar zare?" Washegari mutum biyu.

Ƙarshen wata babban ɗan ya iso da mota don kwashe kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa ƙafa, kekuna har ƙarƙashin benci. Baba bai ko ɗago ba, sukudireba a hannu, daɗi fal cikinsa.

"Kai, matsa gefe," ya ce. "Ka tare min haske, aiki nake."