Hajiya Iyatu a Wajen Harami

Duk unguwar Anbariyya an san Hajiya Iyatu ba ta fita daga Madina. Tun ranar da ta shigo garin ita da mijinta Malam Awwalu, bayan sun baro Haɗeja a ƙafa sun sha baƙar wuya a Sudan, ta ce zuwanta ke nan. Malam ya rasu an kai shi maƙabartar Baƙi'a, ita kuma ta zauna jiran nata. Biki a Jidda, suna a Makka, sai dai ta aika da gaisuwa. Tsoronta ɗaya ne a duniya, kada ajali ya riske ta a wajen iyakar harami a tona mata rami a wata ƙasa. Da likita ya ce zuciyarta ta raunana, ai sai ta ƙara kafewa.

Ana cikin sanyin shekarar dubu da ɗari huɗu ta Hijira, sai ga ɗanta tilo, Sabiru, ya danno lungu da wata zungureriyar mota mai tagogi da labule. A Yanbu ya saye ta, hannun wani injiniya da zai koma ƙasarsu. Sabiru haihuwar Madina ne, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma in ya ƙwallafa rai a kan abu ba ya jin kira.

"Karafan ce, ya Ummi," in ji shi. "Gida guda a kan taya. Shigo ki gani."

Ta hau da kyar, ta tsaya baki buɗe. Ga gado, ga murhun gas, ga famfo. Da ya buɗe wata 'yar ƙofa kusa da murhun ta leƙa, sai ta ja da baya tana salati.

"A nan za a dafa, a nan kuma a kama ruwa? Sabiru, wane irin mutum ne ya zauna ya ƙera wannan?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya baje mata shirinsa. An yi ruwa a arewa, hamada ta yi kore. In an ba yara hutu za su fita su kwana biyu a can. Matarsa Shafa'atu ta riga ta tanadi barguna da gawayi, rago ma an yi cinikinsa.

"To, Allah ya kai ku lafiya," ta ce.

"Har da ke. Daktur ya ce iska kike bukata, wallahi."

"Daktur ɗin ne zai binne ni? Na ce Allah ya kai ku lafiya."

Sabiru ya ce halas, an bar maganar. Ita kuwa ta yarda, don ba ta taɓa zaton ɗan da ta haifa zai yi mata wayo ba.

Ran Alhamis bayan azahar ya ce ta raka shi Jurf a cika tukunyar gas, ta ji yadda motar take tafiya. Jurf ai unguwa ce a gefen Madina, gida ne, sai ta bi shi. Ta kishingiɗa a kan gadon nan don gwaji kawai. Katifa mai laushi, bargo mai nauyi, mota na jijjiga ta a hankali, kafin su wuce dabinan bakin hanya barci ya yi gaba da ita.

Ƙarar ruwa a kan rufi ce ta tashe ta. Ta ɗaga labule. Babu gida ko ɗaya, babu hasumiya, babu dutsen Uhudu. Sai baƙaƙen duwatsu da yashi har iyakar gani.

"Sabiru! Ina ne nan?"

"Wurin da za mu sauka ne, Ummi. Na ce in kika gan shi da idonki..."

"Mun wuce alamar harami?"

Ya sunkuyar da kai, ta gane sun wuce. Wani abu ya soke ta a ƙirji, ya bi hannunta na hagu. Ta dafe wurin, ta shiga dukan bangon motar da ɗaya hannun tana kuka irin wanda bai taɓa jin ta yi ba, ko ranar rasuwar ubansa. Ya waigo ya ga leɓunanta sun yi fari. Nan take ya juya mota a guje.

Ba su yi nisa ba ya taka birki. Busasshen kwarin da suka ratsa ɗazu ya cika maƙil, jan ruwa na gudu da itatuwa. Can ƙetare, a kan tudu, ga allon iyakar harami ana hango shi sarai. Mota ba za ta shiga ba, ko yaro ya san haka.

Iyatu ta sauko cikin ruwan sama, ta zuba wa allon ido. Numfashinta sama-sama yake fita.

"Ka kashe ni a waje," ta ce. "Duk zaman da na yi, ka zubar min da shi a yini ɗaya."

Sabiru ya tattare farar rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya durƙusa a gabanta ya ba ta baya.

"Hau, Ummi."

Ta hau, ta sarƙe wuyansa. Ruwan ya kama shi a gwiwa, ta ji sanyinsa ya ratsa jikinsa har ya iso gare ta. Ya kai cinya, ya kai ƙugu. Idonta na kan allon, tana ganin yana matsowa, zuciyarta na cewa saura kaɗan. Sai wani kututture ya taho ya bugi ƙafarsa. Ya tafi luu, ruwa ya rufe shi har haɓa, ya taso yana tari, amma bai sake ta ba. Ta ji ƙashin bayansa na karkarwa a ƙirjinta. Ya sake ɗaga ƙafa zai ci gaba, ga tsakiyar kwarin ma ba su kai ba.

"Koma!"

Ita kanta ta firgita da jin muryar, kamar ba daga bakinta ta fito ba.

"Ummi, shuwayya, kaɗan ya rage..."

"Na ce ka koma, don Allah ka koma! A binne ni ko'ina ne!"

Ta kama kunnensa ta murɗa, sai da ya juyo. Da rarrafe suka fito gaɓar da suka baro. Ya kwanta a kan tsakuwa yana aman jan ruwa, ƙaurinsa na zubar da jini. Ta cire mayafinta ta ɗaure masa ciwon, tana mamakin abin da ta faɗa, tana kuma jin ko an sake tambayarta shi za ta maimaita.

Rana ta yi ƙasa, ruwan kwari sai ƙaruwa yake yi. Sukan da ke ƙirjinta bai lafa ba. Sabiru ya ɗago jajayen idanu ya dube ta.

"Ummi, in wani abu ya same ki a nan fa?"

Ta daɗe tana kallon ƙetare, sannan ta juya wa allon baya ta kama ƙofar motar.

"In ya same ni, ai kana da rai, kai za ka yi min salla. Tashi mu shiga, sanyi zai kama ka."